Araukariya: Bishiyar da Ba Ta Gaggawa

A duwatsun Andis na kudancin Chile da Ajantina ne asalin araukariya, bishiya mai ganye kauri da kaifi kamar bakin mashi, wanda ke lulluɓe reshe tun daga tushe har kai. Mutanen Pehuenche na yankin sun daɗe suna tara ƙwayarta, su dafa ko su gasa, su ajiye saura don hunturu. A 1795 Archibald Menzies ya kai ta Ingila, sannan a shekarun 1840 William Lobb ya aika da iri mai yawa, masu hali suka yi ta dasa ta don ado.

Da yawa cikinsu sun kafa ta daf da ƙofar gida, domin a shekarun farko da ƙyar take motsi. Ko bayan ta kama ƙasa, abin da take ƙarawa a shekara bai cika wuce santimita 30 ba. Wannan jinkirin ne ya yaudare su. Bishiyar tana iya haura mita 30, ta rayu fiye da shekara 1,000, kuma ba ta son a ciro ta a canja mata wuri. A ganina, rabin kulawar da take bukata shi ne a zaɓar mata fili mai faɗi tun ranar farko, a ƙasa mai laima wadda ruwa ba ya kwanciya, don jijiyarta kan ruɓe a fadama.

Irin ma sai da lura. Idan ya bushe ya mutu, don haka ɗanye ake shukawa, tsinin a ƙasa, rabinsa a waje, a kuma kare shi daga ɓeraye. Bishiyar kuma ba a datse mata rassa. Tana tsufa, rassan ƙasa kan zube da kansu. Mai son ƙwaya kuwa sai ya samu mace da namiji, ya jira shekara 30 zuwa 40.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da take ciki a yankinta na asali. Sara, gobarar daji da dabbobin da ke cinye irin sun rage ta ƙwarai. Chile ta haramta sare ta a 1990, amma duk da haka a 2013 ƙungiyar IUCN ta saka ta cikin itatuwan da ke fuskantar barazanar ƙarewa.