Maganin jiki da maganin zuciya: abin da Tsibiri da Ɗanja suka koyar

Cikin shekara ta 1927 ne ƴan mishan na ƙungiyar SIM suka kafa mazauninsu a Tsibirin Gobir, bayan sun fara aiki a Damagaram a 1924. Daga nan aikin ya bazu zuwa Maraɗi da Jiratawa. An buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan gidan jinyar kutare na Ɗanja, kudu da Maraɗi, a 1956.

Kuturta ta nuna wa masu jinya cewa ciwo iri biyu ne. Akwai na fata da jijiya, akwai kuma na zuciya. Tun 1981 Ƙungiyar Lahiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar haɗa ƙwayoyin da ke kashe cutar sarai. Amma ƙwaya ba ta mayar wa mutum matar da ta guje shi, ba ta zaunar da shi cikin tsaransa a bakin akushi. Haka abin yake ga mata masu yoyon hitsari, waɗanda aka buɗe wa cibiyar tiyata a Ɗanja a 2012. Likita na iya ɗinke raunin, kunya da baƙin cikin rashin jariri kuwa sai an zauna da mace, an saurare ta.

Haɗa koyarwar addinin Kirista da ilimin halayyar ɗan Adam ya samo asali mai tsawo. A 1925 wani fasto mai suna Anton Boisen, wanda shi kansa ya yi fama da taɓin hankali, ya fara horar da ɗaliban tauhidi cikin wani asibitin masu taɓin hankali a Amurka, don su koyi sauraron majinyaci kahin su yi masa wa'azi. Malaman majami'a ba su zama baki ɗaya ba. A 1970 Jay Adams ya wallafa littahi yana cewa Littahi Mai Tsarki ya wadatar wajen ba da shawara. Waɗansu suka amsa cewa ilimin likita ma baiwa ce daga Allah.

Masu neman haɗa biyun suna kafa hujja da labaran da Kiristan Hausa ke karantawa tun da aka buga cikakken Littahi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suka ɗora masa laihi, sai Allah ya tsauta musu. Annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, aka fara ba shi abinci da barci kahin a yi masa magana. Yesu kuma ya ƙi yarda cewa zunubi ne ya sa aka haihi wani mutum makaho.

A ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, wanda hankalinsa ya gushe akan kai shi wurin ƴan bori, ko malami, ko fasto, kahin a tuna da gidan likita. Haɗarin yana cikin wannan jinkiri. Mai farfaɗiya yana bukatar ƙwayar da zai riƙa sha kullum. Wanda ya daina barci da ci, ko yana maganar kashe kansa, a kai shi wurin ma'aikatan kiyon lahiya ba tare da ɓata lokaci ba. Idan aka ce masa rashin bangaskiya ne, an ƙara masa kaya bisa kaya.

Saboda haka aikin kowa a bayyane yake. Na mai ba da shawara shi ne ya saurara, ya riƙe asiri, ya yi addu'a da wanda ya so, ya sasanta shi da danginsa, ya kuma san inda iyawarsa ta tsaya. Na likita shi ne ya ba da magani, kada ya rena imanin majinyaci. Tun 2008 OMS ta hito da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita gane waɗannan cututtuka. Shugabannin addini, Kirista da Musulmi, su ne jama'a ke fara zuwa wurinsu, don haka ya kamata hukumomin lahiya su riƙa gayyatarsu zaman horo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.