Koyon dabo da wayar hannu: ta ina mai sha'awa zai fara?

Da yamma a bakin ruwan Warra, bayan jiragen ruwa sun sauke kifi da fasinja, akan ga samari sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallon bidiyon wani da ya ɓatar da kuɗi a tafin hannunsa. Nan take musu ke tashi. Wani ya ce aikin aljanu ne, wani ya ce haɗin kwamfuta ne. Sau da yawa kuma amsar ta fi haka sauƙi: zafin hannu ne da mutum ya yi watanni yana gwadawa.

Dabo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan waya, 'yan dabo da masu rufa-ido suna tara jama'a a kasuwanni, kuma sukan ɓoye sirrin sana'arsu. Abin da ya canja shi ne yanzu darasin yana aljihun kowa, ko a Yauri yake ko Ngaski ko Shanga. Shin Lim, wanda ya lashe gasar America's Got Talent a Amurka a 2018 da dabon karta, daga bidiyon YouTube ya fara koyo.

Dabon hannu da dabon kyamara

Abu na farko shi ne a bambance abin da hannu ke iya yi da abin da manhaja ta yi. Zach King, ɗan Amurkan da bidiyonsa na shawagi a kan tsintsiya ya karaɗe TikTok a 2019, bai taɓa ɓoye cewa dabarun ɗaukar hoto da yanke-yanken bidiyo ne sana'arsa ba. Wanda ya zauna zai kwaikwayi irin wannan da hannu ɓata lokacinsa kawai zai yi.

Ana gane bidiyon da aka yanke ta hanyar rage gudunsa. A YouTube ana iya mayar da gudun zuwa 0.25, sai a lura da inuwa da abin da ke bayan mai wasan. Idan inuwa ta yi tsalle, ko mai wucewa ya ɓace farat ɗaya, to an haɗa ne. Darasi na ƙwarai yakan nuna wasan daga gaba, sannan ya maimaita shi daga ɓangaren mai yi.

Dabaru uku na farawa

Ba a buƙatar sayen kaya. Sulalla sun yi wuya a hannun jama'a, karta kuma da yawa suna danganta ta da caca, don haka murfin kwalbar lemo da robar ɗaure kuɗi sun wadatar.

Ta farko ita ce roba mai tsalle. Ana saƙala robar a ɗan ali da yatsan tsakiya, bayan hannu yana fuskantar 'yan kallo. Lokacin dunƙule hannun, sai a ja robar a cusa kawunan yatsu huɗu a cikinta ta ɓangaren tafi. Da an miƙe yatsun, robar za ta koma kan sauran yatsu biyun da kanta.

Ta biyu ita ce ɓatar da murfi, wadda ake samu a intanet da sunan "French drop". Ana riƙe murfin tsakanin babban yatsa da sauran yatsun hannun hagu. Hannun dama ya zo kamar zai ɗauka, a daidai lokacin sai a saki murfin ya faɗa cikin yatsun hagu. Hannun dama ya tafi a dunƙule, idon mai wasa ya bi shi. Sirrin yana nan: inda mai wasa ya kalla, nan jama'a ke kallo.

Ta uku da kalkuletar waya ake yi. A ce aboki ya zaɓi lamba mai alƙaluma uku, wadda tazarar alƙalamin farko da na ƙarshe ta kai biyu ko fiye, misali 742. Ya juya ta, 247, ya cire ƙaramar daga babbar, ya samu 495. Ya juya wannan ma, 594, ya tara su. Amsar kullum 1089 ce, don haka ana iya rubuta ta a takarda tun kafin a fara.

Waya a matsayin madubi

Madubi yana yaudarar mai koyo, domin yakan kau da ido a daidai wurin da hannunsa ke kuskure. Kyamara ba ta yin wannan alfarmar. A jingina wayar daidai tsayin idon ɗan kallo, a ɗauka da kyamarar baya, sannan a kalla a hankali. A sake ɗauka daga hagu da dama, saboda a dandali mutane zagaye mai wasa suke yi.

Inda sabis ba shi da ƙarfi, ya fi kyau a sauke darasi ɗaya idan an samu intanet mai kyau, a ingancin 360p ko 480p don tattalin data. Dabara ɗaya da aka ƙware a kanta ta fi goma da aka sani sama-sama.

Iyakokin da ba a ƙetarewa

Sihiri haramun ne a Musulunci, kuma malamai da dama suna taka-tsantsan da rufa-ido saboda ruɗin da yake jawowa. A garin da kowa ya san kowa, sunan matsafi idan ya manne wa mutum yana da wuyar gogewa. Mai koyo ya nemi fatawar malaminsa, kuma ya riƙa faɗa tun farko cewa wasan hannu ne, babu layu babu aljanu.

Doka ma tana da ta cewa. Dokar yaƙi da zamba ta 2006 ta tanadi ɗauri ga duk wanda ya yi iƙirarin ninka kuɗi ko wanke takarda ta zama kuɗi da nufin cuta. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 kuma ta hana yaga naira ko rubutu a kanta, don haka dabarun da ake yi da takardar kuɗi a gwada su da farar takarda.

Sai batun rai. Wasan wuƙa, wuta da nutso ba na mai koyo ba ne. A watan Yunin 2019 wani ɗan dabo a Indiya, Chanchal Lahiri, ya sa aka ɗaure shi da sarƙa aka saka shi a kogin Hooghly domin ya kwance kansa, gawarsa aka tsamo. Ga wanda ke zaune a gaɓar Tafkin Kainji, wannan gargaɗi ne na kusa.

Wanda ya fara da roba da murfin kwalba, ya yi mako biyu yana ɗaukar kansa a waya, zai iya gwada wasansa na farko a gaban ƙannensa a tsakar gida. Yara ba sa kara: idan sun hango murfin, nan take za su faɗa.