Kada Mu Goge Muryar Iyayenmu

Kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ɗan ci-rani a Legas ko mazaunin Makka yakan karɓi kaset daga gida. Uwar da ba ta rubutu takan zauna gaban rikoda ta yi gaisuwa, ta ba da labarin damina, ta rufe da addu'a. Har yau akwai irin waɗannan kaset-kaset a ƙasan akwatunan mutane.

Saƙon murya na WhatsApp ne ya gaji wannan aiki, amma a ganina ya fi kaset saurin salwanta. Waya takan cika a share saƙonni, a sace ta, ko ta faɗa ruwa. Ranar da mai muryar ya kwanta dama, sai a nemi saƙonsa a rasa.

Hoto fuska kawai yake adanawa. Murya ce ke ɗauke da karin harshen mutum, da dariyarsa, da laƙabin da uwa ke kiran ɗan farinta da shi saboda alkunya. Jikan da bai riski kakarsa ba zai iya jin tana sa albarka da bakinta.

Shawarata ga mai karatu, musamman ɗalibai, ita ce a kwafe saƙonnin iyaye zuwa kwamfuta ko imel, a rubuta suna da kwanan wata. Dattijon da ke raye kuma a nemi izininsa, a naɗi tarihin gidanku daga bakinsa tun yana da ƙarfin faɗa. Allah Ya jiƙan magabatanmu.