Matsalolin da Kan Biyo Bayan Gyaran Mafitsarar da Aka Haifa a Buɗe

Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne mu yi bayanin matsalolin da kan biyo bayan tiyatar jaririn da aka haifa mafitsararsa a buɗe, da abin da ya wajaba a kan masu karɓar haihuwa a cikin birnin Kano. Lalurar ita ce a haifi yaro mararsa ba ta haɗe ba, mafitsara ta bayyana a waje jawur, fitsari na tsattsafowa dare da rana, ƙasusuwan gaban ƙugu kuma sun ware. Akan sami haka sau ɗaya cikin haihuwa 30,000 zuwa 50,000, kuma ta fi yawa ga maza.

Matsala ta farko, wadda ita ce uwar sauran, ita ce warwarewar ɗinki. A cikin sa'o'i 72 na farko ƙugun jariri yana da taushi, ana iya matso da ƙasusuwan su haɗu. Bayan nan sai sun ƙi, su riƙa jan ɗinkin har ya ɓalle, mafitsara ta sake bultsowa. Tun 1906 likitan Jamus, Trendelenburg, ya nuna muhimmancin haɗa waɗannan ƙasusuwa. Saboda haka idan an makara, akan yanka ƙashin ƙugu, a kuma tsare ƙafafun yaro mako 4 zuwa 6 kada ya motsa su. Wanda ɗinkinsa na farko ya warware, da wuya ƙwarai ya iya riƙe fitsari daga baya kamar wanda nasa ya kama.

Ta biyu ita ce ƙuntatar mafitar fitsari. Idan ta tsuke, fitsari kan koma sama, ƙoda ta kumbura, ƙwayoyin cuta su shige ta. Haka nan akan sami yoyo ta gefen ɗinki, ko tsakuwa a cikin mafitsara.

Ta uku ita ce rashin riƙe fitsari. Bisa tsarin aiki daki-daki da Robert Jeffs ya inganta a shekarun 1970, akan gyara wuyan mafitsara sa'ad da yaro ya kai shekara 4 ko 5. Inda wannan ya faskara, wasu kan karkatar da fitsari zuwa babban hanji, dabarar da John Simon ya fara gwadawa a Landan a 1851. Sai dai ita ma tana da nata lahani, watau ciwon ƙoda, da rikicewar gishirin jini, da sankarar hanji bayan shekaru masu yawa.

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa lokaci shi ne jigo. Idan aka haihu a gida, aka ce a bari sai bayan suna, to kwana ukun nan sun wuce. Shawararmu ga ungozomai ita ce su rufe wurin da leda mai tsabta, kada a shafa magani ko a gasa, a nufi Asibitin Murtala a ranar. Aikin kansa yana bukatar likitan fiɗar yara da likitan ƙashi su haɗa hannu, ga kuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala duk a gari ɗaya. Wajibi ne kuma a sanar da iyaye tun farko cewa tiyatar ba ɗaya ba ce, kuma duba lafiyar ƙodar yaron abu ne na tsawon rai.