Daga Kadan Agustas zuwa Aninin Haɗejiya: Saƙon da ke Jikin Kuɗi

A garin Auyo da ƙauyukan da ke kewaye da shi, ba wuya a tarar da tsohon kwabo mai huda a ƙasan adakar wata tsohuwa, ko a ga garma ta tono shi a gefen fadama. Yara kan zura masa zare su yi wasa, manya kuwa su ce ai kuɗin da ne, ba ya sayen komai. Lalle kam a yau ko ƙwayar gyaɗa ba zai saya ba, amma wanda ya goge shi ya duba da kyau zai ga kambin sarauta, da tauraro mai tsini shida, da rubutu iri biyu, na boko da na Larabci. Waɗannan zane-zane saƙo ne daga mai mulki zuwa ga talakawansa. Dabarar aika irin wannan saƙo kuwa tsohuwa ce ƙwarai, kuma cikin waɗanda suka ƙware a kanta tun zamanin da akwai Agustas, sarki na farko a daular Rum.

Wane ne Agustas?

An haife shi a shekara ta 63 kafin Miladiyya, kuma da sunan Oktabiyan aka san shi a ƙuruciyarsa. Jikan 'yar'uwar Yuliyas Kaisar ne, jarumin da ya danne Rum da ƙarfin soja. A farkon shekara ta 44 kafin Miladiyya aka buga kuɗi a birnin Rum da hoton fuskar Kaisar alhali yana raye, abin da ba a saba yi ba, domin Rumawa sun daɗe suna ƙyamar mulkin mutum ɗaya. A watan Maris na wannan shekara wasu 'yan majalisa suka kashe shi. A wasiyyarsa ya mai da Oktabiyan ɗansa kuma magajinsa.

Sai da aka yi shekaru ana yaƙin basasa kafin saurayin ya kau da abokan hamayyarsa. Na ƙarshensu shi ne Markus Antoni, wanda ya haɗa kai da Kiliyofatara sarauniyar Masar. An ci su a yaƙin ruwa na Aktiyum a shekara ta 31, Masar ta faɗa hannun Rum a shekara ta 30, sa'an nan a shekara ta 27 majalisa ta ba Oktabiyan laƙabin Agustas, watau mai alfarma. Daga wannan laƙabi watan Agusta ya samo sunansa. Ya yi mulki har rasuwarsa a shekara ta 14 Miladiyya.

A wancan zamani babu jarida, babu rediyo, kuma daular ta miƙe daga Sifaniya har Sham. Abu ɗaya da ke shiga kowane hannu shi ne kuɗi. Ana sassaƙa zane a kan hatimin ƙarfe biyu, a sa ɗan faifan azurfa a tsakaninsu, a buga da guduma. Babban kuɗin azurfa shi ne dinariyus, mai nauyin kusan giram 3.9, kuma guda 25 ke yin kuɗin zinariya ɗaya. Albashin ƙaramin soja dinariyus 225 ne a shekara. Ke nan sabon kuɗi hannun soja yake fara faɗawa, daga nan ya bi kasuwanni, kuma duk inda ya je da fuskar sarki yake zuwa.

Ita kanta fuskar abin lura ce. Agustas ya kai shekara 75, kuma marubucin tarihi Suwetoniyas ya bayyana shi a matsayin mutum mai yawan laulayi da lalatattun haƙora. Amma a jikin kuɗi bai taɓa tsufa ba: har ƙarshen mulkinsa fuskar matashi ce, ba tamoji ba sanƙo. Bayan kuɗin ma ba a bar shi haka nan ba. A wani akwai tauraro mai wutsiya, wanda ya bayyana 'yan watanni bayan kisan Kaisar, Rumawa masu bautar gumaka suka ɗauka ruhinsa ne ya hau sama. A wani kuma akwai wata dabba, gabanta akuya bayanta kifi. Babu irin wannan halitta a doron ƙasa ko a cikin ruwa. Alamar burujin Jadi ce, wanda Agustas ya ɗauka a matsayin tauraron sa'arsa.

Kadan Masar

Zanen da ya fi dacewa mutumin bakin kogi ya tsaya a kansa shi ne na wani dinariyus da aka buga a shekara ta 28 kafin Miladiyya. A gaba kan sarki ne, a baya kuwa kada, tare da kalmomin Latin guda biyu, AEGVPTO CAPTA, ma'ana an kame Masar. Daga baya a garin Nemausus, wanda yau ake kira Nim a kudancin Faransa, aka yi ta buga kuɗin tagulla mai hoton kada ɗaure da sarƙa a jikin dabino. Har yanzu wannan kada da dabino su ne tambarin birnin.

Me ya sa kada? A wajen Barume, kada baƙon abu ne mai ban tsoro, kuma da Kogin Nilu kawai ya san shi. A shekara ta 58 kafin Miladiyya aka fara nuna kadoji masu rai a birnin Rum, a shekara ta 2 kafin Miladiyya kuma Agustas ya sa aka kashe guda 36 a wani filin wasa da aka cika da ruwa. Saboda haka ko wanda bai iya karatu ba, da ya ga kada ya san Masar ake nufi, da ya ga sarƙa ya san an ci ta. Haka kuma Masar rumbun alkama ce, da ita ake ciyar da mutanen birnin Rum, don haka wanda ya ɗaure kada ya riƙe maƙogwaron birni. Akwai kuma abin da zanen ya ɓoye. Yaƙin da aka yi, rabinsa tsakanin Barume da Barume ne, amma babu inda aka ambaci Antoni. An mai da yaƙin basasa ya zama cin ƙasar baƙi.

Ilmin halittu ya ƙara wa labarin wani ɓangare. An daɗe ana ɗaukar kadan Nilu da na Afirka ta Yamma jinsi ɗaya ne, duk da cewa tun a 1807 wani masani Bafaranshe ya ware wani iri ya sa masa suna Crocodylus suchus. A 2011 aka wallafa binciken ƙwayoyin gado da ya tabbatar da cewa jinsi biyu ne: Crocodylus niloticus, babba mai faɗa, da Crocodylus suchus, wanda bai kai shi girma da zafi ba. Gawarwakin kadoji da Misirawan da suka shafe da magani suka adana, waɗanda aka gwada a binciken, na jinsi na biyu ne, kuma shi ne kadan da ke zaune a kogunan Afirka ta Yamma da yankin Tafkin Chadi, inda ruwan Kogin Haɗejiya yake nufa. Ashe kadan da Misirawa suka girmama ɗan gida ne a wannan yanki.

Daga wuri zuwa anini

Sunan dinariyus bai mutu ba, shi ne ya zama dinari a bakin Larabawa. Sai dai a shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinari wanda babu hoton kowa a jikinsa sai rubutu zalla. A ƙasar Hausa kuwa abin ciniki shi ne wuri, kuma kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Wuri ƙwanson wata 'yar halittar teku ce dangin dodon-koɗi, Monetaria moneta, wadda ake kamawa a tsibiran Maldib na Tekun Indiya. Lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ke yin dalar azurfa ɗaya. Wuri ba ya ɗauke da sunan wani sarki, kuma babu fadar da ke buga shi.

Zuwan Turawa ya sauya wannan. Sun ci Kano a 1903, suka hana shigo da wuri a 1904. Haɗejiya, masarautar da Auyo ke cikinta, ta ƙi miƙa wuya, sai a watan Afrilu na 1906 sojojin Ingila suka afka wa birnin, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen daga tare da manyan jarumansa, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a 1907, aka buga kuɗi na farko na musamman domin Nijeriya: kwabo, da anini wanda goma ke yin kwabo ɗaya. Aninin farko da goran ruwa aka yi shi, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka ƙera da wannan ƙarfe, amma bai jure ba, sai aka koma gamin tagulla da nikel a 1908.

A jikin waɗannan kuɗaɗe babu fuska, huda ce a tsakiya, wadda ke ba da damar a jera su a zare. Sama da hudar kambi ne, a kewaye sunan Sarki Edward na Bakwai da laƙabinsa, a ƙasa kuma darajar kuɗin da haruffan Larabci, domin malamai da fataken Arewa su ne haruffan da suka sani. A baya tauraro mai tsini shida, irin wanda ake kira hatimin Annabi Sulaimanu, zanen da mutanen ƙasar suka riga suka saba gani. Babu kada, babu sarƙa, amma aikin ɗaya ne da na dinariyus ɗin Agustas: an ci ƙasa, ga sunan sabon mai ita. Da aka tilasta biyan haraji da wannan kuɗi, dole manomi ya neme shi, ya karɓe shi, ya san shi.

Rum ma ta biyo baya a fili. A 1913 aka fitar da taro da sisi da sule da dala na azurfa, masu hoton Sarki George na Biyar sanye da kambi, kewaye da rubutun Latin. A ƙarshen rubutun akwai IMP, gajeren imperator, laƙabin da Agustas ya sa a gaban sunansa. Malaman da suka koyi lissafin fam da sule da kwabo za su tuna cewa da harafin d ake rubuta kwabo. Harafin farko ne na dinariyus. Wani abin sha'awa shi ne kwabon 1936 mai sunan Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta kafin ya cika shekara. A Ingila ba a kai ga fitar da kuɗinsa ba, amma a Afirka ta Yamma an kashe shi a kasuwa.

Itacen da ke jikin sule

A bayan sule da dala an zana itacen kwakwar manja, Elaeis guineensis. Mutumin Auyo ya san goriba da giginya da dabino, amma wannan itace na kurmi ne. An zaɓe shi ne domin manja shi ne babban abin da masana'antun Ingila ke ɗiba daga gaɓar Afirka ta Yamma. Kamar yadda kada ya tsaya a madadin Masar da alkamarta, haka itace ɗaya ya tsaya a madadin ƙasashe huɗu da amfaninsu.

Amfanin gonar Arewa ya hau kuɗi daga baya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya ratsa Malam Madori ya kai Nguru a 1930, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin haraji. A 1959, da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa kuɗi, aka sa auduga a taro, koko a sisi, kwakwa a sule, gyaɗa a dala, gaba kuwa fuskar Sarauniya Elizabeth. A 1973 naira da kwabo suka zo, tambarin ƙasa mai mikiya da dawakai biyu ya maye gurbin sarauniya. Gyaɗa ta koma kan kwabo 25, amma a jikin kwabo ɗaya an zana hasumiyoyin haƙar man fetur, kuma a cikin shekarun nan ne mai ya ture gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Fuskar ɗan ƙasa kuwa sai a 1977 ta fara bayyana, lokacin da aka sa Janar Murtala Muhammed a takardar naira 20.

Abin lura ga ɗalibai da malamai

Tsohon kuɗi shaida ce, kuma kamar kowace shaida, sai an yi mata tambayoyi. Wa ya buga shi, a wace shekara? Wace dabba ko tsiro aka zana, kuma a ina take rayuwa? Wa ke amfana da ita? Me aka bari ba a zana ba? Malami zai iya neman ɗalibai su aro tsofaffin kuɗaɗe daga gida, su ɗora takarda a kai su goga fensir har zanen ya fito, su auna faɗi da nauyi, su gwada da maganaɗisu, sa'an nan su jera su bisa shekaru. Kada a kankare su da yashi ko toka, ruwa da ɗan sabulu sun isa. Cikin darasi ɗaya an taɓa tarihi da kimiyyar ƙarafa da ilmin tsirrai.

A yau kuɗin ƙarfe ya kusa ɓacewa daga kasuwannin Nijeriya, tsofaffin kuwa suna ƙarewa a bola ko a hannun masu sayen gwangwan. Yaron da ke jin kakarsa na cewa ba ta da ko anini, mai yiwuwa bai taɓa ganin anini ba. Dinariyus ɗin Agustas ya kai shekara dubu biyu saboda an sami masu adanawa. Kwabon 1907 shi ma yana da labarin da zai ba jikokin mutanen Haɗejiya, muddin ya sami wanda zai ajiye shi.