Daga Gayya zuwa Dandalin Waya: Fasahar Sadarwa da Aikin Rukuni Tsakanin Ɗaliban Manyan Digirori na Rano da Kibiya

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin yadda wayar salula da intanet suka sauya aikin rukuni a karatun digiri na biyu da na uku, ta hanyar duba halin ɗalibin da ke zaune a Rano ko Kibiya yana karatu a birnin Kano. An nuna cewa fasaha ta sauƙaƙa rabon aiki da musayar littattafai, amma ta raunana muhawarar da ake kafa rukuni dominta, ta kuma fifita wanda ke kusa da lantarki a kan wanda ke nesa.

1.0 Gabatarwa

Rano na cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kibiya da Bunkure mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Akwai reshen Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano a garin Rano, sai dai mai neman digiri na biyu ko na uku a fannin Hausa dole ya nufi wata jami'a, kamar Jami'ar Bayero da ke Kano ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya. Irin wannan ɗalibi sau da yawa magidanci ne, malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, wanda ba zai iya barin aiki da iyali ya tare a birni ba. Idan malami ya raba aji rukuni-rukuni ya ba da jinga, abokan aikinsa suna iya kasancewa a Gwale ko Bichi ko Dutse. Tambayar ita ce: yaya ake haɗuwa, kuma me ake koya a haɗuwar?

2.0 Tushen Aikin Haɗin Gwiwa a Al'adar Bahaushe

Aikin rukuni ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Manomi ya san gayya, inda jama'a ke taruwa a gonar mutum ɗaya su gama cikin yini abin da zai ɗauke shi mako. Almajiri ya san musaffa da bitar karatu tsakanin sa'o'i, ɗalibin zaure kuma ya san sauraron darasin na gaba da shi kafin nasa ya zo. Tsarin biyu sun bambanta a manufa. Gayya tana neman a gama aiki, don haka kowa ya kama kuyyarsa. Karatun zaure yana neman kowa ya fahimta, don haka kuskuren mutum ɗaya darasi ne ga duk mai zaune. Aikin rukuni na jami'a yana da kamannin gayya, amma manufarsa ta zaure ce. A wannan gaɓa ne tasirin fasaha ya fi bayyana.

3.0 Yadda Fasaha Ta Shigo

An fara amfani da wayar salula ta zamani a Nijeriya a shekarar 2001. Da farko amfaninta ga ɗalibi bai wuce tambayar ko malami zai shigo aji ba, wanda shi kansa ya ceci kuɗin mota mai yawa. Zuwan manyan wayoyi da manhajar WhatsApp ya sa kusan kowane aji ya buɗe dandalinsa. Rufe makarantu saboda annobar korona a watan Maris na 2020, da yajin aikin malaman jami'o'i na wannan shekara da na wata takwas a 2022, sun saba wa ɗalibai da tattaunawa daga nesa. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar sufuri, har zuwa Kano domin zaman sa'a biyu ya zama abin da ake lissafi kafin a yi.

4.0 Abin da Aka Samu

Riba ta farko ita ce samun abin karantawa. Kundayen bincike na sassan harsunan Nijeriya da tsofaffin fitowar mujallu irin su Harsunan Nijeriya sun daɗe a kan kantocin ɗakunan karatu, sai wanda ya je ya gani. Yanzu ɗalibi ɗaya yana ɗaukar hoton shafukan da ake buƙata ya tura wa sauran. Ƙamusun Bargery na 1934 ma yana samuwa a intanet.

Riba ta biyu ta shafi matan aure da masu shayarwa, waɗanda zaman rukuni bayan la'asar a birni yake yi musu wuya. Dandalin waya ya ba su damar sa baki daga gida a lokacin da suka samu sarari.

Riba ta uku ta keɓanta da nazarin Hausa. Ɗalibin Rano ko Kibiya yana zaune kusa da abin da ake nazarta: waƙoƙin daka da na niƙa, kirarin mafarauta, tarihin baka na sarautar Autan Bawo, da kalmomin noma da ba kasafai ake jin su a birni ba. Da wayar hannunsa yana iya naɗar muryar dattijo ya aika wa rukuni a ranar. Nisan da ya zama masa cikas a wajen ɗakin karatu ya zama jari a wajen tattara bayanai.

5.0 Abin da Ake Asara

Matsala ta farko ita ce rukuni ya koma gayya zalla. Ana raba batu gida biyar a dandali, kowa ya rubuta nasa ya tura, mutum ɗaya ya liƙa su wuri guda. Takarda takan fito a kan lokaci, amma ba wanda ya karanta sashen ɗan'uwansa balle ya ja da shi. Ranar gabatarwa ce ke tona asiri, idan malami ya tambayi wanda ya rubuta gabatarwa abin da ke cikin kammalawa.

Ta biyu ita ce rashin daidaito. Taro ta Zoom yana buƙatar caji da sabis mai ƙarfi da data, kuma a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Wanda ke birni da kwamfuta shi yakan zama mai haɗa aiki, mai haɗa aiki kuwa shi ke yanke abin da zai shiga da abin da za a zubar. Wanda ya buɗe waya bayan kwana ɗaya a ƙauye yakan tarar an gama shawara. A idon abokansa yana iya zama malalaci, alhali wuta ce babu.

Ta uku ta shafi harshen kansa. Saƙon murya ya dace da Bahaushe, wanda ya fi sakewa a magana, amma ba a iya binciko hujja a cikinsa kamar rubutu, kuma ba ya horar da hannu. Rubutun waya kuma yakan zubar da baƙaƙe masu ƙugiya, har "ƙasa" da "kasa" ko "ɗaki" da "daki" su zama ɗaya, ya kuma rikita rabon kalmomi. Wannan sakaci yana bin ɗalibi har cikin kundinsa.

Ta huɗu ita ce amana. Tun da Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, sannan ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ya zama da sauƙi ɗan rukuni ya kawo sashen da ba shi ya rubuta ba, wani lokaci har da manazartar da ba ta wanzu ba. Sunan kowa yana kan takardar, don haka laifin mutum ɗaya yana hawa kan duka. Manhajojin gano satar fasaha irin su Turnitin suna kwatanta rubutu ne da abin da ke cikin rumbunsu, alhali yawancin kundayen Hausa suna kan takarda.

6.0 Hanyoyin Gyara

Gyaran yana hannun malamai fiye da na'ura. Malami yana iya wajabta wa kowane ɗalibi rubuta sharhi a kan sashen wani, ya ba sharhin maki. Yana iya zaɓar mai gabatarwa a ranar ba tare da sanarwa ba. Rukuni kuma ya tsara aikinsa a kan mafi raunin sabis a cikinsa: a ba da wa'adin kwana biyu kafin yanke shawara, a taƙaita duk muhimmin saƙon murya a rubuce da daidaitacciyar Hausa, a kuma haɗa zaman ido da ido da ranar lacca domin tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu. Ya dace a lissafa bayanan da aka naɗo daga ƙauye a matsayin gudummawa mai nauyi daidai da buga takarda.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa fasaha ta rage tazarar da ke tsakanin Rano da Kibiya da jami'o'in birni, ta kuma buɗe ƙofa ga waɗanda aiki ko aure ya ɗaure. Sai dai jami'a tana yaye masu digiri na biyu da na uku ne domin su koyar, su duba aikin wasu, su kare ra'ayi da hujja. Wanda bai taɓa jayayya da abokin karatunsa a kan ma'anar baiti ko asalin kalma ba, zai isa gaban kwamitin jarrabawa ba tare da wannan horo ba. Ma'aunin rukuni nagari shi ne kowane ɗan cikinsa, har wanda ke Kibiya, ya iya tashi ya kare aikin tun daga farko har ƙarshe.