In Faɗa Wa Mudir Ko In Ja Bakina?

Akwai wata tambaya da ke yawo tsakanin samari da 'yan matan Ammariyya, Hindawiyya da Karantina, amma ba ka jin ta a majalisa sai a saƙon waya da tsakar dare: mutum ya samu aiki, yana shan maganin ciwon damuwa ko na firgici, shin ya faɗa wa mudir ko ya ja bakinsa?

Da farko dai, ba kai kaɗai ba ne. Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na Saudiyya da aka fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 34 cikin ɗari na mutanen ƙasar sun taɓa fama da irin wannan lalura a rayuwarsu. 'Yan ƙasa kawai aka tambaya, masu igama ba sa cikin lissafin, amma ai ciwo ba ya duba takarda. Duk da haka, da ka ce "likitan ƙwaƙwalwa" sai a ce Shihar, wato asibitin nan na Ɗa'if, kamar yadda su Baba ke cewa Dawanau a Kano. Wasu kuma su ce iska ce, a tafi ruƙiyya kawai.

Idan ka shiga intanet, yawancin shawarwarin daga Turai da Amurka suke: fito fili, hakkinka ne! Suna da dalili. Dokar nakasassu ta Amurka ta 1990 da dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 sun tilasta wa mai kamfani ya sassauta wa ma'aikaci mai lalura. To amma fa Jidda ba Landan ba ce. Ɗan ƙasa in ya rasa aiki, albashi ya rasa. Mai igama da ke ƙarƙashin kamfani kuwa, zamansa ne ma ke girgiza, ko da a asibitin Jidda aka yanke masa cibiya. Gyaran da aka yi a Maris 2021 ya ba ma'aikaci damar canja wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai da yardar kafili ba, amma bai shafi masu aikin gida da direbobin gida ba.

Wannan ba ya nufin ba ka da kariya. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2014 ta ce bayanan mara lafiya sirri ne. Dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. A dokar ƙwadago, sashe na 117 ya ba ka hutun rashin lafiya na kwana 30 da cikakken albashi, kwana 60 da kashi uku cikin huɗu, sai kwana 30 babu albashi, duk a shekara ɗaya. Sashe na 82 kuma ya hana a sallame ka saboda rashin lafiya kafin wannan hutun ya ƙare. Sai dai lokacin gwaji yana iya kai kwana 180, kuma a cikinsa sallama ba ta da wuya.

Shi ya sa nake ganin tambayar ba "eh ko a'a" ba ce. Me za ka faɗa, wa za ka faɗa wa, kuma yaushe? Idan magani na aiki, aikinka ma na tafiya daidai, babu dole. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan kuma kana buƙatar wani abu, kamar fita ganin likita ko sauya aikin dare, nemi abin kai tsaye da takardar likita, a ofishin kula da ma'aikata, a rubuce. Ba sai ka zayyana tarihinka ba, kuma ba a wurin shan shayi da abokan aiki ba. Wallahi magana zarar bunu ce, kafin la'asar ta isa unguwa.

Wuri biyu ne shiru ba ya da kyau. Na ɗaya, idan kana tuƙi ko aiki da inji, maganin kuma na sa ka barci: nan rayukan mutane ne, tuntuɓi likitanka tun yau. Na biyu, takardar gwajin lafiya ta ɗaukar aiki: kada ka rubuta ƙarya. Kame baki daban, ƙarya daban, kuma ita ce za a iya kama ka da ita gobe.

Abin da ya fi komai haɗari shi ne ka bar magani don tsoron kada a gani. Ka rasa ta inda za ka fara? Kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya. Mudir na iya jira har ka shirya, likita kam kada ka ɓoye masa komai. Allah Ya ba mu lafiya, Ya rufa mana asiri.